Ranar da Aka Yi wa Bangon Madam Gyamfua Fenti

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin kafinta a sashen tsara cikin gida na jami'armu, kuma ashirin da shida daga ciki tare da Madam Gyamfua Ntiamoah na yi su. Masu karatun da suka ga abin da aka yi mata duk sun yi shiru, wasunsu ma har yau suna gaishe ta a coci kamar ba komai. To ni zan faɗa, yadda na gani.

'Yar garin Effiduase ce, a ƙasar Asante. Ubanta manomin koko, uwarta Eno Fosuaa (Eno muke ce wa dattijuwa) mai ginin tukwanen ƙasa. Gajeruwar mace, mai saurin tafiya, kullum da fensir a soke cikin gashinta. Lokacin da ta zo mana tana da shekara talatin da huɗu, abin da kowa ke koyarwa shi take koyarwa: launin bango, labule, inda za a ajiye kujerun falo. Idan aiki take so sai ta kira ni Masta Boadu. Idan kuma abin da doka ba ta yarda ba take so, kamar a buɗe mata ɗakin aiki ranar Asabar, sai in koma Wofa, wato kawu.

Abin da ya juya ta ya faru ne a gidansu. Ƙaninta Oteng ya dawo daga Hamburg hutun Kirsimeti, kuma kamar kowane borga, wato ɗan ci-ranin Turai, yana so gari ya san bai je a banza ba. Ya sa aka fasa daɓen jar ƙasar ɗakin uwarsu, wanda tsohuwar ke shafewa da hannunta duk safiya, aka shimfiɗa farin tayil mai ƙyalli. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Wata uku bayan haka ruwa ya zube daga kwanon wanke hannu, Eno Fosuaa ta taka, ƙashin ƙugunta ya karye. Ba ta sake miƙewa ba. Shekara ɗaya da rabi tana kwance kafin ta cika, dangi kuma suka haɗu suka yi wa gidan sabon fenti ciki da waje domin jana'iza, kamar yadda muka saba.

Da Madam ta dawo, ba ofishinta ta fara shiga ba. Ta zo ta zauna kan bencin aikina da baƙin zaninta, ta daɗe tana kallon zarto.

"Wofa, ni na zaɓi tayil ɗin," in ji ta. "Oteng kuɗi kawai ya bayar. Digiri biyu gare ni a kan cikin ɗaki, amma ban taɓa tsayawa na kalli yadda uwata ke tashi daga kujera ba."

Daga makon nan muka fara shiga gidajen tsofaffi, ita da littafinta, ni da akwatin kayan aikina. Ba ta tambayar tsoho ina ke damunsa. Ta ce tsoho maƙaryaci ne, ko yana rarrafe zai ce maka lafiya lau yake, don kada 'ya'yansa su kwashe shi su kai birni. Bango take kallo. Duk ɗakin da tsoho ya daɗe a ciki, za ka ga layin datti daga bakin gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa makewayi: manja, toka, gumi, duk abin da tafin hannu ya ɗauko. Inda dattin ya yi faɗi ya yi duhu, nan mai ɗakin ke tsayawa ya huta. Inda ka ga yatsu biyar sun ja ƙasa, nan ya taɓa kusan faɗuwa bai gaya wa kowa ba. Sai ta yi alama da fensir, ni kuma in kafa mariƙin gora daidai wurin, ba sama ba, ba ƙasa ba. Abu na farko da take gaya wa kowane gida shi ne kada a kuskura a yi fenti sai ta zo.

Gorar ma ba sayowa muke yi mu kafa nan take ba. Sai ta yi sati uku a cikin rafi, sannan mu yi mata hayaƙi, don kada ƙwaro ya ci. Daɓe kuma jar ƙasa ce da ɗan siminti, a bar fuskarsa da kaushi. Taga ta katako, a sauko da ita daidai tsayin gado, don na kwance ya sha iska ya kuma ga masu wucewa. Ƙa'idarta ɗaya ce: duk abin da ya lalace, kafintan ƙauyen ya iya gyarawa ba tare da ya hau mota zuwa Kumasi ba.

Kujera ce ta fi ba mu wahala. Tsofaffin matanmu ba sa rabuwa da 'yar kujerarsu ta tsugunno, wadda uba ko miji ya ba su. Daga itace guda ake sassaƙa ta, ba mai zama a kai sai mai ita, idan ta tashi sai ta jingine ta a bango, kuma a kanta za a yi mata wankan ƙarshe. Amma gajera ce, gwiwar ɗan shekara tamanin ba ta iya ɗaga shi daga nan. Ranar farko na ce bari in ƙara mata ƙafafu da ƙusa huɗu. Saura kaɗan tsohuwar da ke da kujerar ta rotsa mini kai da muciya. Madam ta yi sati biyu tana tunani, sannan ta zo ta ce tunda ba a taɓa kujera, sai mu ɗaga ƙasa. Muka gina ɗan dandamali na jar ƙasa mai tsayin taƙi ɗaya, da gurbin da gindin kujerar zai zauna daram, da turken gora a gefe. Tsohuwa ta zauna, ta kama turke, ta miƙe da kanta, ta sake zama, ta sake miƙewa, sannan ta ce mu fita tana da aiki.

Haka muka yi gida bayan gida. A jami'a kuwa, waɗanda suka zo bayanta suna ta wuce ta. Ƙarin girma maƙalu yake so, a mujallun ƙasar waje, ita kuma nata kaɗan ne. Sau biyu ta nema, sau biyu aka dawo mata da takardunta. Na biyun har wani a kwamiti ya rubuta cewa abin da ta kawo ya fi kama da aikin kafinta. Ita ta karanta mini, ta ce in yi murna, an ambace ni. Ɗalibai suna kiran darasinta ajin kakanni, amma duk shekara akwai goma ko sha biyu da ke zaɓarsa, kuma su ne ke dawowa gaishe ta bayan sun gama.

Shugaban sashenmu a lokacin shi ne Farfesa Amankwa. Aji ɗaya suka yi da ita tun suna ɗalibai, kuma ba mugun mutum ba ne, wannan ma shi ya fi ba ni haushi. Idan suka haɗu a baranda sai ya ce, "Madam Gora, yau wace tsohuwa za a auna?" Ita kuma ta ce ya zo ta auna shi, ai tana jin ƙarar gwiwarsa tun daga matakala. Su yi dariya su wuce.

A dokar jami'armu, malami yana cika sittin zai tafi gida. Babban malami ne kawai ake ba kwantiragin ƙarin shekara biyar. Madam ba ta kai babbar malama ba, kuma ba mai koyar da darasinta sai ita. In ta tafi, darasin ya tafi. Tana da shekara hamsin da bakwai aka fito da sabon tsari cewa aikin da aka gina zai iya tsayawa a madadin maƙalu, in dai masu tantancewa daga waje sun zo sun gan shi a tsaye da idonsu. Wannan ce damarta ta ƙarshe, ita ma ta sani, ni ma na sani.

Ta roƙi wani tsohon sito da ke bayan ɗakin aikina, aka ba ta. Muka yi masa daɓe da dandamalin kujera, muka sauko da taga, muka shafe bangon da farar ƙasa sau ɗaya tak. Sannan ta je ta shawo kan Eno Pokuaa, wadda ta yi shekara arba'in tana sayar da dokunu, tuwon masarar da ake dafawa a ganye, da kifi a bakin ƙofar jami'a kafin ƙafa ta hana ta. Eno ta ce za ta zo, amma da kujerarta, kuma kada wani ɗalibi ya ce zai koya mata hura wuta. Litinin zuwa Juma'a tana wuni a ɗakin, ta yi girki, ta yi barcin rana, ta yi wanka, ta zagi duk wanda ya leƙo. A hankali bango ya fara nuna hanyarta. Duk alamar da ta fito, Madam za ta rubuta kwanan wata a gefenta da fensir, ni in kafa mariƙi a ƙarƙashi, mu bar dattin a sarari. Bayan shekara biyu, mutum zai iya tsayawa a tsakiyar ɗakin ya ga watan da ƙafar hagun Eno ta fara ja, da watan da ta daina tsayawa hutu a rabin hanya saboda ta samu abin kamawa. Mariƙi bakwai ne. Wannan bangon shi ne littafin da Madam ba ta rubuta ba.

Aka sa ranar Talata. Mutum biyu za su zo, namiji daga Accra, mace daga Nairobi. Sai ga jana'izar wofan Madam, yayan uwarta, wadda aka daɗe da sa ranarta, ta faɗo a Asabar ɗin da ke kafin Talatar. Ita ce babbar 'yar 'yar'uwa, ba yadda za a yi ta ƙi zuwa. Ranar Alhamis ta miƙo mini makulli ta ce kada ya bar aljihuna.

Juma'a da safe duk sashen ya cika da warin fenti. Baƙi za su zo, don haka har duwatsun gefen hanya an shafa musu fari. Farfesa ya fito zagayen duba hanyar da za a bi da su, ya leƙa tagar ɗakinmu, fuskarsa ta canja. Ya ce wace irin ƙazanta ce wannan? Mutane za su taso daga wata ƙasa su ga bango kamar na mahauta, su koma su ce jami'ar nan ba ta da halin sayen gwangwanin fenti? Ya ce Gyamfua ta cika taurin kai, ba ta san yadda ake karɓar baƙi ba, in ba a taimaka mata ba za ta sake faɗuwa, shi kuma ba zai zuba ido abokiyar karatunsa ta faɗi sau uku ba.

Na yi masa bayani iya yadda bakina ya iya. Na nuna masa rubutun fensir, na ce dattin nan shi ne aikin.

"Masta Boadu," in ji shi, "kai kafinta ne ko malami?"

Na ce kafinta. Ya ce to ɗakin na jami'a ne, in kawo makulli. Ni na riga na wuce sittin a lokacin, kwantiragin shekara-shekara nake ci, kuma shi ke sa hannu. Na tsaya kamar minti biyu hannuna a aljihu. Sannan na bayar. Ba zan ce an ƙwace ba, ni na miƙa.

Na kira wayar Madam har sau goma sha ɗaya a ranar. Wanda ya san jana'izar Asante ya san inda waya take: cikin jaka, ƙarƙashin kujera, kusa da lasifika. Asabar da sassafe na zo duk da ba ranar aiki ba ce, na kwance mariƙan da hannuna don kada masu aikin su sa musu zarto, na rubuta lamba a jikin kowanne, na ɗauke kujerar Eno na jingine ta a ɗakin aikina. Sauran ina tsaye aka yi. Suka farfasa dandamalin da diga. Suka kawo ragowar tayil ɗin ginin ofisoshi suka shimfiɗa. Suka cike ramukan mariƙan, suka shafa fentin mai har shafi biyu, ruwan madara. Lahadi bayan coci aka kawo labule, da kujerar kushin daga ɗakin hutun malamai, da furen roba a kwalba. Mai fentin har ya tambaye ni ko ya yi kyau.

Litinin da rana ta iso, ko gida ba ta biya ba, da ja da baƙin jana'iza a jikinta. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta yi ihu ba. Ta shiga, ta sa farce ta kankari bango inda alamar farko take, fentin ya naɗe a farcenta, ba komai a ƙarƙashi sai wani fentin. Ta juyo ta ce, "Makullin fa?" Na ce na bayar. Ta gyaɗa kai.

Ofishin Farfesa ta nufa, kuma ba sai an kasa kunne ba, duk baranda ta ji. Ta ce masa daga binne mutum take, a gidan da aka bar rufinsa yana yoyo shekara shida a kan mai rai, aka gyara shi cikin sati ɗaya domin gawa, ta dawo ta tarar an yi wa aikinta irin wannan gatan. Shi kuma ya ce kamata ya yi ta gode masa. Ta nemi a ɗaga ranar. Ya ce matar Nairobi ta riga ta sauka a Accra. Da ta fito na ce mata zan iya mayar da mariƙan kafin gobe, na tuna wurarensu. Ta ce kada in taɓa komai, mariƙi a bango mai tsabta ado ne kawai. Ta ce a bari su ga abin da jami'a ta iya.

Talata ƙarfe goma aka zo da baƙi, Farfesa na gaba da zanen kente a kafaɗa. Eno Pokuaa ma ta iso kamar yadda aka shirya da ita, cikin zaninta mai fari da shuɗi da takalmin fita. Ba wanda ya tuna ya gaya mata. Ta tsaya a ƙofa, ta shaƙi warin, ta dubi labule, ta dubi ƙyallin ƙasa.

"Gyamfua," in ji ta, "wa ya mutu?"

Farfesa ya yi dariya, ya gaya wa baƙi da Turanci cewa tsohuwar tana yaba ɗakin. Madam ta ce ba haka ta ce ba, ta fassara musu daidai, ta ƙara da cewa a wurinmu ɗakin tsoho ba ya ganin fenti sai ranar da za a shimfiɗe gawarsa. Eno ta tambayi kujerarta. Farfesa ya nuna mata kushin ya ce ta shiga ta zauna, yau ita ce sarauniya. Ta ce masa ita ba ta zama a abin da ke haɗiye mutum, amma tunda an tara mata jama'a, bari ta shiga. Ta ɗaga ƙafa ta taka tayil, hannunta na dama ya tafi da kansa inda mariƙi na ɗaya yake shekara biyu. Bai samu komai ba. Tafin ya daki bango, ya ja ƙasa, takalmin ya zame. Ina bayanta, na tare ta a ƙirji. Nauyinta bai fi na buhun gawayi ba.

A jikin sabon fentin, wanda bai gama bushewa ba, ga tafin hannu da yatsu biyar sun ja ƙasa. Farfesa ya zaro hankici ya matsa zai goge.

"Kofi, ka taɓa wurin nan in karya maka hannu."

Da sunansa na yanka ta kira shi, a gaban baƙi, kuma muryarta ba ta tashi ba. Sannan ta juya wurin masu tantancewa ta ce musu wannan ɗakin ba aikinta ba ne, kada su ba ta maki ko ɗaya a kansa. Abin da yake nata a ciki shi ne wancan tafin hannun. Ta kai su ɗakin aikina, ta nuna musu hotunan bangon yadda yake a da, da mariƙai bakwai a jere a ƙasa, da Eno a zaune kan kujerarta tana haki tana zagin kowa. Mutumin Accra yana ta duba agogo. Matar Nairobi ta durƙusa ta shafa gorar, ta yi tambayoyi da yawa, har ta tambaye ni sati nawa take yi a ruwa. Da za ta tafi ta riƙe hannun Madam ta daɗe. Amma takardar da aka ba su cikewa ta ce aikin da aka gani a tsaye, ba hotonsa ba.

Wata huɗu kafin amsa ta fito. An rubuta cewa abin da aka tarar bai yi daidai da abin da mai nema ta bayyana ba. Tare da ita akwai wata wasiƙar, ta gargaɗi, a kan yadda ta yi wa shugabanta magana a gaban baƙi. A kan fentin ba a rubuta wa kowa komai ba. Tafin hannun Eno kuwa tun a makon aka shafe shi.

Ta cika sittin a watan Maris. Aka yi mata bikin sallama, aka ba ta agogon bango da turmin atamfa, Farfesa ya tashi ya kira ta uwar sashe. Darasinta aka haɗe shi da na kayan alatun falo, shekara ɗaya bayan haka sunansa ma ya fita daga jadawali.

Tun ranar makullin ba ta yi mini magana ba sai ta aiki. Ranar da ta zo kwashe kayanta ta shigo ɗakin aikina, ta tsaya kan mariƙan nan bakwai da har lokacin suke jingine a lungu.

"Wofa, ban yafe maka makullin nan ba," in ji ta. "Ɗauko gudumarka. Ɗakin Eno Pokuaa na gida ko mariƙi ɗaya babu, kuma jikanta ya fara maganar tayil."

Na ɗauko. A ƙarshen shekarar ban nemi a sabunta mini kwantiragi ba. Yanzu daga barandarta a Effiduase muke aiki, idan an samu mai kira, kuma masu kiran ba su da yawa. Ba ta da ɗalibi ko ɗaya. Duk abin da ta sani yana cikin kanta da littattafan fensir guda tara a akwatin ƙarfe, kuma idonta ya fara rauni. Maganar makulli ba ta sake tayar da ita ba, ba ta kuma janye ba.

Ɗakin yana nan. Sun mayar da shi wurin zaunar da baƙi kafin shugaba ya fito, duk shekara ana sabunta masa fenti. Na je jami'ar watan jiya karɓar wata takarda, sabon kafintan ya ce in zo in ga yadda aka ƙawata bayan ɗakin aiki. Na ce masa na gani tun ranar da aka yi, na bi ta ɗaya hanyar na fita.